Mr. Trash Wheel: Na'urar Tsamo Shara a Bakin Kogin Baltimore, Ƙarfinta da Iyakarta

Duk mai neman na'urar da za ta tsamo shara daga kogin da ya ratsa birni, da wuya ya yi nisa da bincike bai ci karo da hoton wannan abu ba: dogon jirgi mai rumfar farin ƙyalle, da ƙaton wili a gefe, da manyan idanu biyu a goshi. Sunanta na hukuma Inner Harbor Water Wheel, amma kowa Mr. Trash Wheel yake ce mata. Tun watan Mayun 2014 take girke a daidai inda kogin Jones Falls ke zubewa cikin tashar jiragen ruwa ta birnin Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka. John Kellett ne ya ƙirƙiro ta, kamfaninsa Clearwater Mills ke ƙerawa, ƙungiyar Waterfront Partnership of Baltimore kuma ke riƙe da ita a ƙarƙashin shirinta na Healthy Harbor. Ta haura shekara goma a bakin aiki, saboda haka akwai abin da za a auna ta da shi, ba sai an dogara da bakin mai talla ba.

Hukuncin a taƙaice shi ne: in wuri ya dace da ita, na'ura ce mai kyau ƙwarai, mai sauƙin ƙira da jure wahala. Sai dai wanda ya saye ta yana zaton ƙarfen kaɗai ya isa, ya yi asarar kuɗinsa. Rabin aikin yana hannun mutanen da ke kwashe abin da ta tara.

A fara da wurin, domin nan dabarar take. A Baltimore, magudanar ruwan sama daban take da ta ruwan masai. Ruwan da ya sauka a titi ba ya bi ta wata matata. Yana shiga lambatu, ya faɗa kwalbati, ya wuce kogi da duk abin da ya kwaso, leda ce, gora ce, guntun sigari ne. Shi Jones Falls, ƙarshensa a binne yake ƙarƙashin titunan birnin, sai dab da tashar jiragen yake fitowa fili. Da zarar sharar ta shiga faɗin tashar, iska da cikowar teku da janyewarsa su watsa ta ko'ina, sai a koma bin ta da jiragen kwasa ana ƙona mai, ana kama ɗaya goma na tserewa. Amma a bakin kogin, dole duk sharar unguwannin da ke sama ta biyo ta maƙogwaro guda. Kellett, wanda ya daɗe yana tsallake wannan baki a hanyarsa ta zuwa aiki, nan ya ga ya kamata a tare ta.

Kashin farko na na'urar shi ne shinge biyu masu iyo, da suka taso daga gaɓa zuwa bakinta kamar mazurari. Kowane shinge yana da labule da ya sauka cikin ruwa kimanin ƙafa 2, wato santimita 60, don tare abin da ke tafe ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. A nan masu kwaikwayo suka fi yin kuskure: sai su shimfiɗa shinge ya gitta kogi tsaye cak. In aka yi haka, shara na taruwa a tsakiya, ruwa na danna ta, sai ta nutse ta bi ta ƙarƙashin labulen ta wuce, ko nauyi ya yi yawa shingen ya tsinke. Dole a karkata shi sosai yadda gudun ruwa zai riƙa zamar da shara a jikinsa har bakin na'ura. Gwargwadon ƙarfin ruwa, gwargwadon yadda za a ƙara karkata shi, wanda ke nufin ƙarin tsawon shinge da ƙarin turaku.

A bakin na'urar akwai jerin haƙoran manjagara masu juyawa. Aikinsu su tsinka tarin da ya cure, su jawo shi kan bel, wato shimfiɗa mai juyawa da ke hawa da shara sama. Wanda ya tsaya a gadar ƙafa da ke kusa zai ga yadda abin ke gudana: gorar roba ta zo ta daki tarin ganye, ta tsaya tana lilo, haƙori ya sauko ya danne ta, ya tura ta gaba taku guda, na bayansa ya karɓa, har ta hau bel tana ɗigar ruwa. Bel ɗin yana hawa a hankali ƙwarai, har mai kallo ya ɗauka a tsaye yake. Wannan nawar da gangan aka yi ta. An rage gudu ne don a sami ƙarfin ɗagawa, shi ya sa taya da jiƙaƙƙiyar katifa da gungumen itace ke hawa ba tare da na'urar ta shaƙe ba. A ƙarshen bel komai ya faɗa cikin ƙaton kwandon ƙarfe irin wanda motar shara ke ɗauka.

Abin da ke tuƙa manjagara da bel shi ne wilin, mai faɗin ƙafa 14, sama da mita 4 ke nan. In kogi na gudu, ruwan ne ke juya shi. Kyawun wannan tsari shi ne lokacin da shara ta fi yawa, wato bayan ruwan sama, shi ne lokacin da wilin ya fi samun ƙarfi. In kuwa ruwa ya kwanta, akwai allunan sola 30 a kan rumfar masu ba da wuta kimanin wat 2,500, suna cika batura, baturan na kunna famfuna, famfunan na ɗebo ruwan tashar suna kwarara shi a kan wilin, nauyin ruwan ya juya shi. Wani injiniya zai ce ai zagaye ne, me zai hana a haɗa injin lantarki kai tsaye da bel? Gaskiya ne ana asarar wani kaso na wutar a wannan zagaye. Amma abin da aka samu ya fi: hanyar tuƙi guda ce ga ruwa da rana, babu canjin giya tsakaninsu, kuma in wani abu ya maƙale, wilin tsayawa kawai zai yi ruwa ya zube, ba a ƙona inji ba. Na'urar da za ta kwana a waje cikin ruwa mai gishiri-gishiri shekara da shekaru, irin wannan haƙuri take bukata.

Ita rumfar ba ado ba ce. Tana hana iska kwashe leda da kwanon fom daga kan bel ta mayar da su ruwa, kuma ita ke ɗauke da allunan sola. Akwai kyamarori da ke aika hoto ta intanet, masu kula na dubawa daga nesa, su kunna famfo ko su kashe. Shi kuma kwandon, a kan wani dandamali mai iyo na daban yake. In ya cika, ƙaramin jirgi ya zo ya janye shi zuwa gaɓa, a turo wani fanko a madadinsa, mota ta ɗauki cikakken.

Wannan da ake gani ba shi ne gwajin farko ba. A 2008 Kellett ya girke wata ƙarama a kogin, ta kama gorori da leda, amma manyan itatuwan da ambaliya ke kawowa suka fi ƙarfinta. Darasin da aka ɗauka shi ya sa ta 2014 ta fito da girma da ƙarfi haka. Duk mai shirin ƙera irinta a gida ya riƙe wannan: ana auna na'ura da mafi girman abin da ruwa ke kawowa sau ɗaya a shekara, ba da sharar yau da kullum ba.

Alƙaluman aikinta suna da ban sha'awa. Ranar 16 ga Mayun 2014, tana sabuwa fil, ta kwashe tan 11 a yini guda. Ranar 20 ga Afrilun 2015, bayan babban ruwan farko na wannan kakar, ta kwashe tan 19. Tan na Amurka kimanin kilo 907 ne, don haka kilo 17,000 da ɗoriya ke nan a rana ɗaya. Zuwa ƙarshen Satumban 2016 jimillar ta haura fam miliyan ɗaya, wato sama da kilo 450,000. Amma a yi hattara da lissafin nauyi. Kaso mai yawa na abin da ke cikin kwandon ganye ne da rassa da ciyayi, kuma duk a jiƙe. Roba ba ta da nauyi. Gora dubu ba su kai gungume guda ba. Wanda ya ce na'urar ta tsamo tan kaza na roba alhali jimillar nauyi yake karantowa, ya yaudari mai sauraro. Ƙidayar kaya ɗaiɗai ta fi faɗin gaskiya, kuma a wannan ƙidaya abin da ke kan gaba da tazara mai nisa shi ne guntun sigari, miliyoyi. Mutane da yawa na ɗaukar tacen sigari auduga ce ko takarda, alhali wani nau'in roba ne da ke ɗaukar shekaru bai ruɓe ba, ga dafin taba da ya tsotsa.

Waɗancan ranaku biyu sun nuna wani abu da mai saye ya kamata ya fahimta tun kafin ya sa hannu a takarda. Shara ba ta zuwa daidai wa daida. Ana iya yin mako biyu ba ruwan sama, kwandon bai kai rabi ba. Sai a yi ruwa guda ya wanko duk abin da ya taru a tituna, kwanduna su riƙa cika ɗaya bayan ɗaya cikin sa'o'i. A irin wannan rana ba wilin ne ke gazawa ba, canjin kwando ne. Kowane canji yana bukatar jirgi da matuƙi da mataimaki, da wurin fitarwa a gaɓa, da mota a shirye, da wurin zubarwa a buɗe. Yayin da ake canjin kwandon, bel a tsaye yake, shara na taruwa a jikin shinge. In an yi sauri, shingen zai riƙe. In jirgi ya lalace ko mota ta makara, tarin zai yi kauri har ya fara bi ta ƙasa, kuma abin da ya wuce ya wuce ke nan. Ruwan sama ba ya duba agogo, yana iya sauka tsakar dare ko ranar hutu. Saboda haka ainihin abin da Baltimore ta saya hidima ce: ma'aikata masu bin hasashen yanayi, da kwanduna fanko a ajiye kafin hadari ya haɗu.

Sauran matsalolin na kowace na'ura ce mai zama a ruwa. Dogon itace na iya zuwa a gicciye ya toshe bakin, sai mutum ya zo da sanda mai ƙugiya ya daidaita shi, ko a yanka shi da zarto. Igiya da zaren kamun kifi da yagaggiyar leda suna naɗewa a sandar manjagara, in ba a yanke su akai-akai ba su cinye ƙarfin wilin. Bakin famfo kan toshe da leda, shi ya sa yake bukatar raga da dubawa. Kashin tsuntsaye da ƙura na rage wutar allunan sola. Ruwan tashar mai gishiri-gishiri ne, yana cin ƙarfe, dole fenti da man shafawa su kasance cikin kasafin kowace shekara. Laka da yashin da kogi ke saukewa a bakinsa na rage zurfi a hankali, in ba a yashe ba wata rana dandamalin kwandon ba zai shiga ba. Masu ƙerawa sun san matsalar manyan itatuwa, shaida kuwa ita ce Gwynnda, babbar cikin na'urori irinta, da aka girke a bakin kogin Gwynns Falls a 2021: an sa mata hannun ƙarfe mai damƙo manyan kaya, da allunan sola 72.

Sai abin da ba ta iya yi, kuma wannan ba laifin ƙira ba ne, iyakarta ce. Duk abin da ke tafe ƙasa da labulen shinge ya tsira: ledar da ta cika da ruwa da yashi, tsumma, kwalba mara murfi. Ɓurɓushin robar da ya riga ya farfashe yana bi ta tsakanin komai. Ruwan masai da mai da sinadarai kuwa, ko kusa. Shirin Healthy Harbor ya sa wa kansa burin a iya wanka da kamun kifi a tashar zuwa 2020. Ba a yi wankan jama'a ba sai Yunin 2024, lokacin da magajin garin Baltimore, Brandon Scott, ya faɗa ruwan tare da wasu mazauna birnin. Abin da ya kawo wannan rana shi ne gyaran bututun masai da aka ɗora wa birnin tun wata yarjejeniyar kotu ta 2002, musamman babban aikin da aka kammala a matatar Back River a 2021. Wilin ya gyara fuskar ruwa, ƙwayoyin cuta kuwa wani yaƙin ne daban. Hukumar da ta girke na'ura ta ce ta tsabtace kogi alhali masai na zuba a ciki, ta jefa yaran da za su shiga ruwan cikin haɗari, domin ido zai gaya musu ruwan lafiya lau yake.

Akwai kuma batun inda sharar ke ƙarewa, wanda ya fi damuna a duk tsarin. Abin da ke fitowa daga kwandon a jiƙe yake, a cakuɗe da laka da ganye, masu sake sarrafa roba ba sa son irinsa. Don haka ana kai shi masana'antar ƙona shara ta kudancin birnin, wadda ke samar da lantarki, wadda aka daɗe ana kira Wheelabrator. Wannan masana'anta ita ce aka sani da mafi fitar da gurɓatacciyar iska cikin masana'antun Baltimore, kuma mazauna unguwannin da ke kusa da ita sun daɗe suna kokawa. An cire roba daga ruwa, wani ɓangarenta ya koma hayaƙi a kan masu ƙaramin ƙarfi. Duk da haka ƙona ta ya fi barin ta ta tafi mashigin tekun Chesapeake, inda ruwan tashar ke ƙarewa, amma bai kamata a riƙa tsallake wannan ba in ana yabon na'urar.

Ga masu kula da wuraren kare tsuntsaye da namun daji a cikin birni, wadda ta fi dacewa a duba ita ce ƙaramar da ake kira Captain Trash Wheel, da aka girke a 2018 a Masonville Cove. Wannan lungun ruwa a kudancin Baltimore a da juji ne. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Maryland ta kwashe dubban tan na tarkace ta gyara shi, a 2013 kuma hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta ayyana shi a matsayin na farko a shirinta na mafakar namun daji a birane. Yanzu har gaggafa mai farin kai na sheƙa a wurin. A irin wannan wuri amfanin na'urar ya ninka. Sharar da ta shiga cikin ciyayin fadama ba ta fita da sauƙi: tana maƙalewa a saiwoyi, rana ta gasa ta, ta farfashe. Kuma duk lokacin da aka tura masu aikin sa-kai su ashirin cikin fadama su tsinto ta, ƙafafunsu na tattake tsiro, suna korar tsuntsu daga kan ƙwai. Tare shara a bakin rafin da ke kawo ta kafin ta shiga fadamar ya rage wannan duka, ga shi babu ƙarar injin dizal.

Duk da haka ba ta kore aikin hannu ba. Abin da cikowar teku da iska ke turowa daga ɓangaren kogin Patapsco, wanda lungun ke gaɓarsa, ba ta bakin na'urar yake bi ba, a gaɓa yake sauka. Wannan sai mutane. Tsarin da ke aiki shi ne a fita lokacin da ruwa ya janye, a kauce wa watannin sheƙa, a bi layin da ruwa ya bar tarkace maimakon kutsawa cikin ciyayi, kowa da safar hannu mai kauri da matsinci, a ware roba mai tauri da murfi don allurai da fasasshiyar kwalba, kada a cika buhu fiye da abin da mutum ɗaya zai ɗaga, domin jiƙaƙƙiyar shara na da nauyin da ba a zato. Game da dabbobi kuwa, nawar bel ɗin na ba su damar sauka. Wadda aka fi tunawa ita ce wata ƙaramar mesa da aka tarar a kan Mr. Trash Wheel a 2015, irin mai dunƙulewa, wadda asalinta yankinmu ne na Afirka ta Yamma, ana sayar da ita a can a matsayin dabbar gida.

Inda na'urar ta fi burge ni shi ne ƙidaya. Ana ɗibar wani kaso na abin da aka kama a ƙirga da hannu, gora nawa, leda nawa, kwanon fom nawa, sannan a ƙiyasta na sauran. Ƙiyasi ne, kada a ɗauke shi kamar lissafin banki, amma ya isa ya nuna abin da ke ƙaruwa da abin da ke raguwa. Da waɗannan alƙaluma da hotunan kwanduna cike da farin fom masu fafutuka suka je gaban 'yan majalisa. Birnin Baltimore ya haramta kwanon abinci na fom daga Oktoban 2019, jihar Maryland ta bi baya a Oktoban 2020, birnin kuma ya haramta ledar kanti daga Oktoban 2021. Bayan haka fom ɗin da ke hawa bel ya ragu a fili. Na'urar da ke ba da hujjar da za a rage mata aiki ta cancanci kuɗinta. Hatta idanun nan da aka liƙa mata a 2015, da shafukan sada zumunta da ke magana da sunanta, sun yi aiki na gaske: yaran makaranta sun san ta, mutane sun fara haɗa ledar da suka yar a titi da abin da ke fitowa a tashar, kuma da gudummawar jama'a da kamfanoni aka girke ta biyu, Professor Trash Wheel, a Harris Creek cikin Disamban 2016.

Kuɗin ta farko ya kai kimanin dala 720,000, daga aljihun gwamnati da na kamfanoni. Wannan na ƙira da girkawa ne kawai. Albashin ma'aikata, man jirgi, hayar mota, kuɗin zubarwa da gyara suna zuwa kowace shekara, kuma su ne ke kashe irin waɗannan ayyuka in ba a tanade su ba.

Ba ita kaɗai ba ce a kasuwa. A Amsterdam tun 2019 akwai Great Bubble Barrier, bututu mai huji a ƙasan ruwa da ke busa kumfar iska a karkace, kumfar ta ture shara gefe. Jirgi da kifi na wucewa ba tsayawa, kuma tana taso da abin da ke ƙasa da fuskar ruwa, amma injin busa iskar na cin wuta dare da rana, kuma ta fi son ruwa mai natsuwa. A tsibirin Bali na Indonesiya, ƙungiyar Sungai Watch tun 2020 take shimfiɗa ƙananan shingaye masu iyo a rafuka, ma'aikata na kwashewa da hannu; kuɗin kaya kaɗan, aikin mutane da yawa. Gwatamala kuma ta ba da darasi mai tsada: a 2022 ƙungiyar The Ocean Cleanup ta kafa katangar ƙarfe a kogin Las Vacas, ambaliya ta zo da shara, sharar ta toshe ragar, ruwa ya haƙe ƙarƙashin katangar ya wuce da kayansa. Shi kansa wilin an gwada shi a ƙasa mai ruwan sama irin na wurare masu zafi: a 2022 ƙungiyar Marea Verde ta girke ɗaya mai suna Wanda Díaz a kogin Juan Díaz na birnin Panama.

To, zai yi aiki a irin magudanan biranenmu? A Jakara ta Kano ko kwarin Gunti Yena na Yamai, amsar a'a ce. Na'urar a kan ruwa take iyo, tana son zurfi duk shekara, da hanyar da jirgi zai bi ya janye kwando. Waɗannan kuwa da rani ɗan dagwalo ne ke bin tsakiya, da damina su cika su tumbatsa cikin sa'a guda da yashi da tarkace. Nau'in sharar ma daban ne. 'Yan jari bola sun riga sun tsince gora da gwangwani da ƙarfe, abin da ke isa ruwa yawanci baƙar leda ce da ledar fiya wata, waɗanda ke shan ruwa su nutse rabi, su ne kuma shinge mai labulen santimita 60 ya fi kasa kamawa. Inda za a iya tunaninta shi ne bakin wani rafin birni da ke zuba cikin babban kogi mai ruwa duk shekara, kamar kogin Kaduna ko Kwara, shi ma bayan an auna.

Abin da ya fi dacewa da kwalbati da manyan lambatu shi ne ragar ƙarfe a kwance-kwance, kimanin digiri 45, yadda mutum zai tsaya a sama ya jawo shara da manjagara. A yi ta da faɗin da ya ninka bakin kwalbatin sau da yawa, a bar mata hanyar da ruwa zai tsallake in ta toshe. Ragar da aka kafa tsaye a bakin kwalbati ba mai kula da ita ta fi rashinta sharri, domin leda na rufe ta cikin mintuna, ruwa ya koma gidajen mutane.

Hukuma ko ƙungiyar da ke da niyyar sayen wilin, ta fara da auna zurfin wurin a ƙarshen rani da kuma tsayin ruwa a babbar ambaliyar da mazauna ke tunawa. Ta shimfiɗa shinge mai arha na damina guda, ta ƙirga abin da ya kama da nau'insa, ta ga mota nawa ake bukata washegarin babban ruwa. Ta tabbatar akwai gaɓar da mota za ta sauka ta ɗauki kwando, da wurin zubarwa da ba zai mayar da sharar cikin kogin ba. A takardar kwangila kuma a rubuta ƙarara wanda zai canza kwando in ruwa ya sauka ƙarfe biyun dare, cikin sa'a nawa zai iso, da asusun da za a biya shi daga ciki na aƙalla shekara biyar.